Hayaƙi a Ƙullun Wake

Tun da aka fara raba injinan markaɗe da sunan tallafi, babu lungun da mutum zai shiga a Lafia bai ji wani inji yana kuka ba. Yarinya ta karɓo inji a kwali, an ɗauke ta hoto tana washe baki, ta kawo shi ƙofar gida ta kafa, ta zaci sana'ar ke nan: a ja igiya, a zuba, a miƙa hannu. Kafin damina ta zagayo inji ya koma bayan ɗaki, kaji na kwana a kansa. Wasunku kuna zuwa rumfata kuna tambaya wane irin fetur nake zubawa da yake kai ni yamma, kamar sunan gidan mai kawai za a faɗa muku ku tashi. To ku zauna. Ban yi boko ba, ban san abin da aka rubuta a jikin famfon gidan mai ba, amma tun ina goyon fari nake wannan aiki. Kunnena na hagu ƙarar inji ta cinye shi, saboda haka mai magana ta ɗaga murya. Gara ma ku yi shiru.

Aikin farko da Baba Ɗanladi ya ba ni shi ne wanke hannu. Mutumin Kwandere ne, yana da babban injin gas a bakin kasuwa, irin mai girgiza ƙasa, daga baya da ƙananan na fetur suka shigo ya sayi ɗaya saboda markaɗen mata. Na je wurinsa ne lokacin da idon maigidana ya fara ba shi matsala, ɗinki ya gagara. Ranar farko ya sa na zuba mai a tanki, ya nuna mini kaskon toka da yankakken lemun tsami a gefe, ya ce in wanke. Na wanke, na miƙa hannu zan ɗauki kwanon wata mata. Ya riƙe tsintsiyar hannuna ya kai hancinsa, ya ce in koma. Sai da fatar yatsuna ta yi fari kafin ya bar ni na taɓa kwanon. A raina na ce wannan tsoho mugu ne. Na daɗe a wurinsa ba na komai sai wanke dutse, da ɗebo ruwa, da miƙa hannu a sunsuna kamar akuyar da za a saya. Abin da yake faɗa kullum shi ne mai da abinci maƙwabta ne a rumfa ɗaya, amma ranar da suka gaisa, ranar mai inji ta tashi daga aiki.

Kwance inji ma sai da na koya da hannuna, don ba kullum mace ke da abin kiran makanike ba. Dutse biyu ne a ciki, na ƙarfe, masu zane, su ne haƙoran inji. In suka dakushe inji zai yi ta nishi yana shan mai, ƙullu ya fito da tsaki-tsaki, a sake mayarwa, a sake ƙona mai. Ku da kuke yawon neman gidan mai mai albarka, ku fara duba dutsenku. Kai shi wurin mai wasawa a kan kari ya fi kowane irin fetur rage sha. Sai bel: in ya saki, inji na gudu dutse na tafiyar hawainiya. Sai fulogi, wanda shi ne ke ba da shaida, domin in an kwance shi aka ga kansa ya yi ruwan ƙasa, man da aka sha na kirki ne, in ya yi baƙi da maiƙo an cuce ki. Sai salansa, inda hayaƙi ke fita. Ita kam bakinta waje yake kallo, kuma wannan gefen na rumfa ba a rufe shi. Ni ruwan sama ya sha dukana ta wannan gefen, zanina ya jiƙe sharkaf, ban taɓa rataya ko buhu ba.

Akwai kuma jeri. Ba a tayar da inji saboda kwano ɗaya, tayarwa ita ke shan mai. A bari kwanuka su taru. Gero na kunu shi ne farko, sai wake, sai gyaɗa ko agushi, tumatir da attarugu su ne na ƙarshe. Wadda ta kawo attarugu tana sauri sai ta yi haƙuri, ko ta tafi. Na sha zagi a kan wannan, an ce ina ji da kai kamar ni na ƙera injin. Ban taɓa sauya jeri don idon kowa ba.

Markaɗen asuba shi ke riƙe da rumfa, wannan ku sa shi a ranku. Tumatirin miya na yamma ɗan abin sayen sabulu ne. Masu ƙosai su ne sana'a, don su kullum ne, rani da damina, azumi da sallah, kuma da manyan robobi suke zuwa. Ana sallame sallar asuba za ki tarar da su a jere, waken nan an surfe an wanke ya yi fes. Babbar cikinsu Maman Dauda ce, mutuniyar wajen Doma, mai suya a bakin tasha. Tun tana da cikin Daudan take kawo mini wake, ga shi yanzu shi ma ya aje iyali. Inda ta kai robarta nan sauran ke kai tasu. Ba ma doguwar hira da ita. Ta aje, in markaɗa, ta sa yatsa ta murza, ta ɗauka. Wake kuwa ba shi da sirri, duk warin da ya ratsa kusa da shi sai ya ɗauka ya riƙe, kuma ba ya nunawa sai ya shiga mai ya soyu.

Wannan layi na asuba shi na yi niyyar bar wa Asabe. 'Yar ƙanena ce marigayi, mace mai 'ya'ya uku, mijinta Ɗanjuma ɗan acaɓa ne, abin da yake samowa ba ya kai su ƙarshen mako. Gwiwoyina sun fara ƙin tsayuwa, kafaɗata ba ta son jan igiya, sai na kira ta na ce ta zo ta koya, in ta iya rumfa tata ce, ni a riƙa ba ni na goro. Ba raguwa ba ce, ba ta da dogon hannu, tana riga ni zuwa. Na sunsuna hannunta kamar yadda aka sunsuna nawa, ta yi fushi kamar yadda na yi, ta saba. Inji ba wani abin gado ba ne, ƙarfe ne, kowa ma ana ba shi kyauta yanzu. Abin da zan bar mata matan nan ne da robobinsu.

Yanzu ga maganar man da kuka zo dominta. A baki duk fetur ne, a tanki kuwa kowanne da halinsa. Akwai fari, kamar ruwan famfo, irin wanda na fi samu a wani gidan mai ta hanyar Doma. Ja ɗaya inji ya tashi, muryarsa garau, ba hayaƙi. Amma ba shi da nauyi, zafin rana ma shansa yake, ki bar murfin jarka a sake ki dawo ki ga ya ragu. Akwai mai launin shayin da bai ji ganye ba, wanda nake tafiya har hanyar Kwandere in sayo. Da sanyin safiya sai an ja an sake ja, amma in ya kama ya kama, yana ɗaukar wake mai yawa kafin tanki ya nemi ƙari. Na gwada su da kaina: gora ɗaya na ɗaura wa zare a wuya, in cika ta zuwa zaren, in ga inda kowanne zai kai ni a layin asuba. Farin yakan mutu da sauran robobi a ƙasa, mai launin shayin yakan kai ni har gyaɗa. Ba kullum ba, don wani zubin mota ɗaya ce ke sauke musu duka, sai launi ya zama ɗaya. Shi ya sa ba na sayen mai da sunan gida. Ina ɗiga shi a tafin hannu in hura. Na kirki zai bushe nan take, ya bar sanyi da ɗan fari-fari a fata. In ya tsaya yana sheƙi kamar an shafa man kitso, a mayar wa mai shi. Kuma da gorata nake zuwa, don akwai famfon da litarsa ba ta cika, ki yi ta zargin mai alhali awo ne ya cuce ki.

Na ukun shi ne ya zo a shekarar da kuɗin mai ya tashi ya ƙi sauka. Kun san shekarar, ba sai na faɗa ba. An wayi gari abin da ke cika jarka ba ya kai rabinta. Na ƙara kuɗin markaɗe, mata suka yi ta mita, wasu suka koma turmi da dutsen niƙa na kakanninsu. Wake shi ma ya yi tsadar da masu ƙosai suka rage girman ƙosai har yara na yi musu ba'a. Kowa na neman inda zai matse. A wannan lokaci 'yan bumburutu suka fara fito da wani mai ja-ja, mai duhu, wai direbobin manyan motoci ke tahowa da shi daga kudu, a daji ake dafa shi. Ya fi araha, kuma 'yan acaɓa sun yi rantsuwa ya fi kowanne jimawa. Wani ya kawo mini talla har rumfa. Na ɗiga a tafi, na hura, na ga man ya ƙi bushewa, yana kallona. Na ce wa mai tallan ya ɗauke jarkarsa daga kusa da kwanukan mutane. Asabe na tsaye, ta gani da idonta.

Ana tsakiyar damina yayata ta rasu a Ashige. Dole na tafi, kuma ba mai tashi kafin sadakar bakwai. Na bar wa Asabe rumfa da gorar zare, na ce hanyar Kwandere, kuma ta ɗiga a tafi. Ta ce to.

Yadda abin ya faru daga baya na haɗa shi. Ta je hanyar Kwandere ta tarar da layi har titi, ta wuni ba ta samu ba. Ɗanjuma ya ce mata me ya sa za ta wahalar da kanta, ga man da duk abokan aikinsa ke sha, shi ma da shi yake yawo tun fitowarsa, ga sauƙi ga jimawa. Ya ce Gwaggo tsohuwa ce, komai sabo tsoronsa take. Ya kawo mata galan har gida. A makon kuma aka yi ta ruwa da iska, feshi na shigowa ta gefen salansa yana jiƙa masa mata. Sai ya samo tsohon tamfol ya buga da ƙusa ya rufe gefen ruf, don tausayi. Ba wanda ya yi niyyar mugunta a cikinsu. Hayaƙi ya rasa hanya, ya riƙa yawo a ƙarƙashin kwano yana sauka a kan ƙullu. Ita da ke ciki tun asuba hancinta ya saba, ba ta jin komai. Murna ma take, tana jira in dawo ta nuna mini yawan man da ta rage.

Masu ƙosai ba su gane da wuri ba, don ba wadda ta kawo rumfata a ranta. Direbobi a tasha suka fara gutsura suna tofarwa. Maman Dauda ta zargi itace, ta sauya. Ta zargi mangyaɗa, ta je ta yi wa matar da ta daɗe tana sayar mata tas a gaban jama'a, ta ce ta haɗa mata da wani abu, har aka shiga tsakaninsu. Ta sayi sabon mai, ta soya, wari na nan. Ƙullu roba guda ta zubar a kwata a shekarar da wake ya zama zinariya, kuma ba sau ɗaya ba. Masu karyawa a wurinta suka koma wurin mai shayi da biredi.

Na dawo da hantsi, ko gida ban shiga ba na biya rumfa. Tun daga bakin lungu na hango tamfol. Kafin in kai hannu in yaye shi sai ga Maman Dauda, da ɗan ƙunshi a takarda. Ta yi mini gaisuwar rasuwa cikakkiya, ta tambayi mutanen Ashige, ta yi addu'a, ba ta gajarta komai ba. Sannan ta buɗe takardar ta miƙo mini ƙosai ɗaya, da Hausarta ta mutanen Doma da ba ta raba mace da namiji.

"Gwaggo, ka ci."

Na raba shi biyu. Tun kafin ya kai baki na ji. Na cinye shi duka a gabanta, na haɗiye, don wanda aka ɓata wa sana'a ba a tofar da shaidarsa a ƙasa. Ta ce ta yi wa baiwar Allah mai mangyaɗa rashin mutunci a banza, yanzu da wane ido za ta kalle ta.

Da ta tafi na kwance fulogi, baƙi ƙirin, yana naso. Na aika aka kira Ɗanjuma. Ya zo ya durƙusa a bakin rumfa, hularsa a hannu. Asabe ta ɗauko galan ɗin tana nuna mini, wai in duba, da na hanyar Kwandere ne da tuni ya ƙare, wannan ko rabi ba su sha ba. Gaskiya ta faɗa, ya jima. Shi kuma ya ce su da shi suke aiki dare da rana, bai taɓa yi wa mashin ɗin kowa komai ba.

Na ce, "Kai in ka tayar da hayaƙinka, a ina kake barinsa?"

Ya ce, "A baya, Gwaggo."

"To ita a ina za ta bar nata?"

Ya dubi tamfol ɗin da ya buga da hannunsa, ya sunkuyar da kai. Na ba shi guduma na ce ya cire ƙusoshinsa ya tafi.

Wankin da muka yi wa rumfar nan ko gawa ba a yi mata irinsa. Na zubar da abin da ke tanki, makanike ya wanke kafireta, na sauya fulogi. Dutse, da kwanon inji, da sandar turawa, da bokitai, duk toka da lemun tsami da ruwan zafi. Kwanon rufi sai da muka goge baƙin da ya manne a cikinsa. Na markaɗa waken gidana na soya na ba maƙwabta, kowa ya ce lafiya lau. Sannan na yi abin da aka gada a sana'a: wanda inji ya ɓata wa kaya, mai inji ce ke mayarwa. Waken da aka ba ni a Ashige daga gonar marigayiya, wanda na so in ci da jikokina, shi na auna na rarraba wa matan, na Maman Dauda na kai mata da kaina har gida.

Ta karɓa, ta yi godiya, ta sa albarka. Washegari da asuba na riga kowa zuwa, na zuba mai launin shayi, na wanke hannu, na zauna. Sai ga ta tafe da robarta a ka, waken yayata ne a ciki, na sani ko ban leƙa ba. Ta tsaya a bakin rumfa ta gaishe ni, ba ta sauke ba.

"Ni na yarda da kai, Gwaggo," in ji ta. "Hancina ne bai yarda ba. Ko wucewa na yi ta nan sai in ji shi."

Ta wuce zuwa ƙarshen layi, wurin wata yarinya da aka ba inji a tallafi, wadda ko ɗaure bel ba ta iya ba. Sauran suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta gaishe ni. Ƙullun yarinyar da tsaki yake fita, na sani, don na ga Maman Dauda na sake bugawa a turmi. Ta gwammace ta yi aiki biyu.

Ba su dawo ba. Na zaci in damina ta wuce za su manta, ba su manta ba. Yarinyar ma injinta ya mutu, suka koma wani wurin da ya fi nisa, suna wucewa ta gabana. Yanzu sai rana ta take nake buɗe rumfa, tumatir da attarugu, su da yaji ya rufe musu komai. Abin da ke shigowa bai isa baki ɗaya ba, balle biyu. Ban kori Asabe ba, aikin ne ya kore ta. Biyu daga cikin 'ya'yanta suna ƙauye wurin dangin uba, ita tana tallan ruwan leda a tasha, inda take wuni tana kallon kaskon Maman Dauda. Takan biyo ta gaishe ni ranar Juma'a, ta share mini rumfa. Inji na nan, in na mutu ta ɗauka. Masu gwangwan za su saya a kilo.

Kun tambaye ni wanne ya fi jimawa. Farin na hanyar Doma mai daɗin tashi ne, ba ya kai ki ko'ina. Mai launin shayi shi ne na aiki, in kin same shi, in kuma tafin hannunki ya yarda da shi. Amma wanda ya fi su duka ga shi can a lungu, a gorar da na ɗaure wa baki da leda. Ragowar galan ɗin Ɗanjuma ne. Tun da ya shiga tankina sau ɗaya ban ƙara ƙona mai da asuba ba, kuma shi kansa har yau bai ƙare ba. Ku ɗauko, ku buɗe a waje, kowacce ta ɗiga a tafinta ta hura, ta san shi. In kun gama ga toka can da lemun tsami. Wadda ban sunsuna hannunta ba kada ta taɓa mini kwano.